Sunan Da Inna Ta Ɓoye

"Wa ka tura wa?"

Ko sallamarsa ban amsa ba. Yaya Mas'ud yana tsaye a ƙofar zaurenmu a Daudawa, bai gama kafe babur ɗinsa ba, gumin tafiyar da ya yi daga Ƙanƙara yana bin wuyansa.

"Shafa, ki bari in zauna mana..."

"Ba za ka zauna ba. Muryar Inna da na tura maka, wa ka tura wa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

"Ban tura wa kowa ba. A shafina na ɗora."

"Na ce maka kai kaɗai."

"Kin ce. Amma ban sa sunanta ba, Shafata, ban sa hotonta ba. So na yi waɗanda ke kwana lafiya a birni su ji abin da ake yi mana."

"To sun ji," na ce. "Har rawa suke yi da shi."

Saura sati bakwai a ɗaura mana aure. Abokin yayana ne tun suna makarantar kwana, kuma shi ne mutum na farko da ya taɓa kirana Barista, tun ina aji uku a sakandare ina yi wa kowa gardama. Ina sonsa irin son da ban taɓa tsayawa na auna ba. Amma ranar nan na dube shi na ji kamar ban san fuskar ba.

Ga abin da ya faru da safe. Ni da Inna mun je kasuwar Yankara sayen kayan jere na ɗakina. Tana riƙe da farantin tangaran tana ciniki, sai wata rumfar masu cajin waya da tura waƙoƙi ta saki lasifika. Kiɗan fiyano ya fara, mai daɗin taka rawa. A kan kiɗan sai ga muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana rawa kamar zaren da aka ja:

*Harisu, gero ya nuna ba ka zo ba,*
*Harisu, shekara ashirin da tara ina ɓoyon sunanka,*
*Yau na fiddo shi, na kira, ba mai amsawa...*

Inna ta juya. Ba wajen rumfar ta juya ba. Bayanta ta duba, ta hanyar shigowa kasuwa, kamar mai jiran wani ya ce na'am. Sai farantin ya zame daga hannunta ya tarwatse.

Muryarta ce.

Harisu yayana ne, ɗan farin Inna. Damina da ta wuce 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona, aka kawo mana shi a naɗe cikin tabarma. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowace mace a Daudawa. Da aka yaye shi Goggo Ramatu, yayar Baba, ta ɗauke shi zuwa Sabuwa, don haka Inna take ce masa Na Goggo. Ko a asibiti aka tambaye ta sunansa, sai ta dubi wani ya faɗa. Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ruwa ta riƙa ba masu ta'aziyya.

Ni wannan al'ada haushi take ba ni. Sau nawa na ce mata wannan ba addini ba ne, danne zuciya ne kawai aka sa wa suna mai kyau. Sai ta yi murmushi ta ce boko ya kwance mini baki.

Ranar sadakar arba'in, da la'asar, bayan baƙi sun watse, na zagaya bayan rumbu zan ɗauko tsintsiya. Na tarar da Inna ita kaɗai tana surfe, ta ba ni baya. Taɓarya tana sauka, ita kuma tana waƙa, tana kiran sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tunda aka haife ni. Na maƙale a jikin zana. Hannuna ya shiga aljihu da kansa. Na danna naɗar murya.

Na ce wa kaina don tarihi na yi. Da yamma na tura wa Yaya Mas'ud, don na san shi ma bai daina kukan abokinsa ba, na rubuta a ƙasa: kai kaɗai.

Yana da shafi a intanet da yake ba da labarin ƙauyukan da aka kai wa hari, mabiyansa sun haura dubu tamanin. Ya riƙe muryar wata huɗu. Da aka sake kashe manoma a wajen Mabai kuma babu wanda ya ce uffan, zuciya ta ɗebe shi ya ɗora. Daga shafinsa wani mai situdiyo a Funtuwa ya sauke, ya yi mata kiɗa, ya sa sunansa a kai.

Daga nan muryar Inna ta fi ƙarfin kowa.

Kullum ina cewa mutanenmu sun sami waya kafin su sami tarbiyyar riƙe ta. A yi haɗari a hanya, kafin a ɗaga wanda ya ji rauni an ɗauke shi hoto. A yi rasuwa, kafin uwa ta ji labari ta ga fuskar ɗanta a wayar maƙwabciya. Kowa yana turawa yana rubuta Allah ya jiƙan rai, yana ganin lada yake samu. Na sha faɗin haka a tarurruka ana tafa mini. Ban san ranar da abin zai shigo ɗakin uwata ba, kuma ta hannuna.

'Yan mata suka riƙa motsa baki a kan waƙar suna matse hawayen ƙarya a bidiyo. Samari suka yanke layin ƙarshe suka mai da shi abin barkwanci: duk wanda budurwa ta ƙi ɗaukar wayarsa sai ya ɗora hotonsa da muryar Inna tana cewa *na kira, ba mai amsawa*. Ɗan acaɓa ya wuce ƙofar gidanmu da ita. Tela a bakin titi yana ɗinki da ita. Ba a sa sunan Inna ba, gaskiya ne. Amma a Daudawa Harisu nawa aka kashe a hanyar gona? Kuma wace mace ce ba ta san muryar Lauratu ta gidan Malam Sha'ibu ba?

Mata suka fara shigowa da sunan gaisuwa, suna zaune suna satar kallonta. Wasu su yi kuka su ce ta faɗa musu abin da ke ransu. Wasu su fita suna cewa ashe duk kunyar nan ta baki ce. Inna ta daina fita. Ta daina surfe. Magana ta koma ɗaga kai da girgiza shi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, duk lokacin da waƙar ta taso daga wani lungu, sai ta juya ta dubi ƙofa. Kowane lokaci. Ko cikin cin abinci take.

Na ce wa Baba akwai doka, ba a ɗaukar muryar mutum a yi kasuwanci da ita ba da yardarsa ba, zan kai ƙara. Ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ta fita, in bar ma Allah. Na ce shekara nawa muna bar ma Allah abin da Allah ya ba mu hannun gyarawa. Ya dube ni ya ce in rage murya, uwata na ciki.

Amma akwai abin da Baba bai bari ba. Ya aika aka kira Yaya Mas'ud. A lissafin Baba, ranar arba'in Mas'ud yana cikin gida yana taya kwashe tabarmi, kuma a shafinsa abin ya fara fitowa, don haka shi ya laɓe ya naɗi muryar. Ina tsaye bayan ƙyauren zaure ina jin su.

"Mas'udu, kai ka yi ma surukarka laɓe?"

Na matso da kunnena jikin ƙyauren.

"Ni ne, Baba. Laifina ne duka."

"Yaron da na ɗauka madadin wanda na rasa..." Muryar Baba ta karye. Ya yi gyaran murya ya ce maganar aure a dakata da ita, ba zai ba da ɗiyarsa ga mai kunne a jikin zana ba.

Taku uku ne tsakanina da su. Ni da ba a taɓa faɗin ƙarya a gabana na yi shiru ba, na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Na ji tashin babur ɗinsa. Ban fita ba.

Bayan kwana biyu Goggo Ramatu ta zo ta tafi da Inna Sabuwa, wai ta huta da idon mutane. Ni kuma na koma Funtuwa, inda nake aiki a ofishin wata babbar lauya, Barista Suwaibatu. Na zuba duk fushina a kan mai situdiyon nan, wani Ɗanlahadi. Na same shi zaune gaban na'urorinsa yana cin gyaɗa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

"Haba Barista. Tsohuwa tana daka tana waƙa, ai wannan gargajiya ce, ta kowa da kowa. A waya na tsince ta. Ni taimakonta ma na yi, da wa ya san da ita?"

"Ba gargajiya ba ce. Uwata ce ta yi wa ɗanta."

"To kawo shaida. Kowa ma sai ya zo ya ce uwarsa ce."

Na koma ofis ina huci, na zayyana wa Barista Suwaibatu komai, ban da abu ɗaya. Ta cire tabarau ta ce maganata tana da ƙarfi. Waƙar ta wadda ta ƙirƙira ce, kuma doka ta ba da hanyar rubuta wa masu shafuka su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Amma ana bukatar abu biyu: yardar Inna a rubuce, da asalin naɗin, mai ɗauke da ranar da aka yi shi, tare da rantsuwar wanda ya naɗa.

"Yaron nan zai yarda ya rantse?" ta tambaye ni.

Na kau da ido daga kanta.

"Shafa'atu. Wa ya danna?"

Na ajiye wayata a kan teburinta. Ta dubi wayar, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi dokar da nake son ɗaure Ɗanlahadi da ita, ita ce dai ta ce ba a naɗar muryar mai waƙa sai da yardarsa, kuma ba ta ware 'ya'ya ba. Ta ce ba za ta sa hannu a ko takarda ɗaya ba sai na dawo da yardar mai muryar, kuma ta san abin da take yarda da shi.

Kwana huɗu ina ɗauke da takardar a jaka. A ɗakina na kan buɗe asalin naɗin in saurara. Ba kiɗa, sai taɓarya, da kukan wata akuya, da Inna. A ƙarshensa akwai wani sauti da Ɗanlahadi ya yanke: numfashin mutum kusa da wayar, yana ƙoƙarin danne kuka. Nawa ne. Duk inda na shiga a Funtuwa na ji waƙar, wannan numfashin nake ji a ƙarƙashinta, ko da yake na san ba ya ciki.

Ranar ta biyar na shiga motar Sabuwa.

Da na sauka a tasha na hango wani durƙushe gaban rumfar mai cajin waya, kamar mai neman gafara wajen ubansa. Na gane rigar kafin fuskar. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Mai rumfar yana cewa shi kam bai ga abin tashin hankali ba, waƙa ce mutane ke so. Yaya Mas'ud yana ce masa, a hankali, ya ɗauka mahaifiyarsa ce, ya ɗauka sunan ɗan'uwansa ne ake wasa da shi. Mutumin ya ja tsaki, amma ya juyo da kwamfutarsa ya goge a gabansa.

Ya miƙe ya gan ni. Muka tsaya kamar baƙi.

"Barista," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Rumfa ta talatin da ɗaya ke nan. Na gama Ƙanƙara da Faskari. Yankara sau biyu na je, akwai wani mai taurin kai irin naki."

"Shafinka fa? Na nema ban gani ba."

"Na yi bayani na ba da haƙuri, na roƙi kowa ya goge. Sannan na rufe shi."

Shekara shida yana gina shafin nan. Shi ne abin da yake tinƙaho da shi a duniya.

"Me ya sa ka ce wa Baba kai ne?"

"Ai ni ne. Ke kin ba ni amana, ni na kai ta kasuwa."

"Ni kuma na sato ta na ba ka."

Ya dubi jakata, ya gane inda za ni. Fuskarsa ta canza.

"Kada ki faɗa mata, Shafa. Ta rasa ɗa. Kada ta rasa yarda da ɗiya kuma. Ni bare ne, in ta tsane ni za ta iya rayuwa... Bar shi a kaina, abar ƙaunata. Zan iya ɗauka."

Wallahi na so in yarda. Amma na tuna duk bakin da na yi wa mutane a kan shiru, na ce masa in na bar shi a kansa, ko mun yi aure da ƙarya zan riƙa kallonsa kowace safiya. Na wuce na bar shi tsaye.

Na tarar da Inna a tsakar gidan Goggo, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, tana tsince wake a faifai. Goggo tana gefe tana dama fura, tana ba ni labarin yadda ta ƙwace wayar wata yarinyar maƙwabta ta jefa cikin randa don ta shigo mata gida da waƙar. Ta ce in iyayen yarinyar sun kai ƙara ni zan tsaya mata, tunda an yi asarar kuɗin boko a kaina.

Na durƙusa gaban Inna. Na faɗa mata komai, tun daga tsintsiyar da na je ɗauka. Na ce Yaya Mas'ud bai taɓa laɓe mata ba, ni ce a jikin zana.

Goggo ta saki ludayi. "Ke? Ke da kike cika mana kunne da haƙƙi, haƙƙi?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wake. Na jira ta zage ni, ko ta juya mini baya. Sai da ta gama faifan tas, sannan ta yi magana, karon farko cikin sati uku da na ji jimla cikakkiya daga bakinta.

"Sa mini in ji. Ba mai gangar ba. Tawa."

Na kunna. Taɓarya ta fara sauka a tsakar gidan Goggo. Da sunan ya fito, Inna ta juya ta dubi ƙofa, ta dawo da kanta a hankali. Goggo, wadda ta yi masa wanka ta goya shi, ta rufe fuska da gefen zane. Da aka zo ƙarshe, numfashin nan ya fito fili.

"Kuka kike yi nan?" Inna ta tambaye ni.

"E, Inna."

"Mi ya hana ki ajiye wayar ki zo ki kama mini taɓarya?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kin ɗauka kunyar mutane ke damuna. Su ji mana, wa bai san ni na haife shi ba? Shekara ashirin da tara ina riƙe da sunan nan a bakina kamar mai ɓoyon gishiri a damina. Ba don ba na so ba, don ina so ne. Na ce sau ɗaya zan hwaɗe shi, ni da shi da Allah, in sallame shi ya tafi. Sau ɗaya na kira, Shafa'atu. Ku kuka sa ni nake ta kira. A tasha ina kira, a shagon tela ina kira, a gidan biki ina kira. Kuma duk sanda na ji, sai zuciyata ta ce ga shi nan zai shigo. Ni ban huta ba, shi ban bar shi ya kwanta ba."

Na kifa kaina a kan gwiwarta. Ba ta ture ni ba. Ba ta kuma shafa kaina ba, sai can da jimawa.

Da na fito da takardar na karanta mata layi-layi da Hausa, abin da za a nema da abin da ba za a iya ba. Na gaya mata gaskiya, za a iya sauke ta daga shafuka a hana Ɗanlahadi sayarwa, amma wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane ba dokar da za ta bi ta gida-gida. Goggo ta ce ai shi ya sa Allah ya yi randa.

Akwai gurbi a takardar da ake rubuta sunan waƙa. Ɗanlahadi sunan yayana ya sa mata da manyan baƙaƙe. Na tsaya da biro a kan gurbin.

"Inna, me zan rubuta?"

"Rubuta Na Goggo."

Na rubuta. Ta dangwala babban yatsanta a ƙasa. Sannan ta tambaya wa yake yawo kasuwa-kasuwa yana durƙusa wa yara, don labarin ya iso Sabuwa tun jiya. Na faɗa mata. Ta ce a kira shi ya sha fura, ranar nan ta yi zafi.

Ya shigo ya durƙusa tun daga bakin zaure, bai iya ɗaga ido ba. Inna ta ja mayafi ta juya gefe, yadda suruka take yi, ta yi magana tana kallon Goggo. Ta ce a gaya masa ya yi laifi babba, kuma ya yi ƙarya a gaban Malam don rufa wa wata mara kunya asiri, wannan ma laifi ne. Ta ce a gaya masa rumfuna nawa suka rage, ya je ya ƙarasa.

Ni na gaya wa Baba da bakina. Sati biyu bai amsa gaisuwata ba. A na uku ya aika Ƙanƙara aka sa sabuwar rana.

Takardun Barista Suwaibatu sun yi aiki fiye da yadda Baba ya zata, ƙasa da yadda ni na so. Da Ɗanlahadi ya ga asalin naɗin da rantsuwata da sammacin da ke biye, ya daina dariya. Ya sauke waƙar, ya sa hannu cewa ba zai sake sayar da ita ko rera ta a biki ba, ya kuma fito ya ce tana da mai ita. Manyan shafuka suka sauke ɗaya bayan ɗaya. Wata sabuwar waƙa ta fito, samari suka koma kanta, kamar yadda suka saba komawa kan komai.

Ranar da aka rufe maganar na kai wa Inna wayata. Na nuna mata inda naɗin yake da inda ake taɓawa a goge shi. Lauyar da ke cikina ta so ta ce a adana kwafi ɗaya saboda gaba. 'Yar da ke cikina ta so ta ce nan ne kaɗai sunan Yaya ya rage a muryarki. Na haɗiye duka biyun. Muryar tata ce.

"Nan zan taɓa?"

"Nan, Inna."

Ta taɓa da yatsan da ta dangwala takarda da shi. Ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta ɗauko turmi.

An ɗaura aurenmu a kaka. Sharaɗin Inna ɗaya ne, kada a kawo lasifika gidanta. Ƙawayena suka yi ta ƙorafi wai bikin Barista kamar zaman makoki. Mata suka yi guɗa da luguden turmi, kuma duk wadda ta ɗaga waya sai ta haɗa ido da Goggo ta mayar da ita jaka.

Bara Allah ya ba mu ɗan farinmu, namiji. Ranar suna Yaya Mas'ud ya je ya durƙusa wa Baba ya nemi izini, aka raɗa wa yaron Harisu. Da labari ya shigo cikin gida, mata suka yi ta faɗin sunan suna sa albarka. Wata ƙawata daga Katsina da ba ta ji da kyau ba ta matso ta tambaye ni me aka sa masa. Na buɗe baki. Ni da na yi shekaru ina cewa wannan kunya danne zuciya ce, na ji sunan ya tsaya mini a maƙogwaro, ya yi nauyi, ya ƙi fita. Na dubi Goggo ta faɗa.

Inna tana gefen gado da jaririn a cinyarta. Ta ji komai. Ta dube ni ta ƙasan ido, gefen bakinta ya motsa.

"Ina bokon?" ta ce.

Ita Angona take ce masa. Ni ina ce masa Na Inna.

Har yanzu, jefi-jefi, wani babur yakan wuce da tsohuwar waƙar daga wayar da ba mu kai gare ta ba. Makon jiya muna zaune a tsakar gida a Daudawa aka wuce da ita. Na ga wuyan Inna ya fara juyawa wajen ƙofa. Sai yaron da ke cinyarta, jin an ambaci sunan da babansa ke kiransa da shi, ya ɗaga kai ya yi gwaranci da ƙarfi.

Inna ta tsaya cak. Ta sauko da idonta kansa, hawaye na bin kuncinta.

"Na ji," ta ce masa a hankali. "Na ji ka amsa."